Irin kefir da na saya: yauƙin na gaskiya ne, alƙawarin da ke bayan leda ne ya yi yawa

Ledar da ta iso hannuna ba ta kai tafin hannu ba. A cikinta akwai wasu 'yan busassun gudaji masu launin ruwan ƙwai, an barbaɗe su da garin madara, duka-duka ba su cika ƙaramin cokali ba. Wannan shi ne irin kefir da na saya ta intanet watanni biyar da suka wuce, wato gudajin da ake zubawa a madara su mayar da ita abin sha mai tsami. A bayan ledar an rubuta abubuwa uku da manyan baƙaƙe: yana ɗauke da kefiran, yana da ƙarfin antioksidan, yana jinkirta tsufa. Na farkon ne ya ja hankalina, domin a ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta nake aiki, kuma na daɗe ina taya ɗalibai tace irin wannan sinadari daga jikin bakteriya ba tare da na taɓa jin ɗanɗanonsa a bakina ba. Na biyu da na uku kuwa su suka zaunar da ni rubuta wannan sharhi, saboda yayata ta karanta su, ta kuma ɗauke su da nauyin da bai kamace su ba.

Bari in fara da yadda irin ya yi aiki, don shi ne abin da mai saye zai fara son ji.

Busasshen iri barci yake yi, kuma tashinsa sai da haƙuri. Na zuba shi a rabin kofin madara cikin kwalbar gilashi, na rufe bakin da tsumma mai tsabta, na ajiye a inuwa. Kwana uku na farko abin da nake samu madara ce mai warin yisti, ko kauri babu, sai in tace in zubar in sake sabuwa. Takardar da aka haɗo da ledar ba ta ce uffan game da wannan ba, kuma na tabbata a nan ne mutane da yawa ke jefar da irin su ce an cuce su. A rana ta shida na karkata kwalbar sai na ga madarar ta motsa gaba ɗaya kamar abu guda, ƙamshin tsami mai daɗi ya buge ni. A rana ta goma gudajin sun kumbura, sun yi fari, sun yi laushi irin na roba, da ƙananan ƙulle-ƙulle a jikinsu. Da na ɗaga su daga mataci, sai wani siririn zare mai sheƙi ya biyo cokalin, ya miƙe ya kai tsawon ɗan yatsa kafin ya tsinke. Na daɗe a tsaye ina kallon zaren nan. Shi ne kefiran, kuma a kansa ne duk maganar da ke bayan ledar ta rataya.

Kefir abin sha ne na mutanen tsaunukan Kokesos, waɗanda a da suke haɗa shi cikin salkar fata su rataye kusa da ƙofa, duk mai wucewa ya ɗan girgiza. Gudajin da ake kira iri ba tsaba ba ne kamar ta shuka. Gida ne da bakteriya da yisti suka gina wa kansu suna zaune tare, kuma kayan ginin furotin ne da wata doguwar sarƙar sukari, wadda masana ke kira polisakaraid. A 1967 ne masu bincike uku, la Rivière da Kooiman da Schmidt, suka ware wannan sarƙa suka raɗa mata suna kefiran. A 1988 wasu masana a Japan suka bayyana bakteriyar da ta fi ƙera ta, Lactobacillus kefiranofaciens, wato dai mai yin kefiran. Sukari iri biyu ne a jikin sarƙar, gulukos da galaktos, kusan kai ɗaya, su ne dama ɓangarori biyu na laktos, wato sukarin madara. Bakteriyar takan fasa laktos, ta ci wani, ta saƙa wani ta fitar da shi waje ya zame mata riga, yana kare ta daga bushewa da tsananin tsami, yana kuma manne ta da maƙwabtanta. Ba ita kaɗai ke wannan saƙa ba. Leuconostoc mesenteroides tana yin dekstaran daga sukarin rake, kuma madarar viili ta ƙasar Finlan, wadda ke miƙewa kamar igiya idan an ɗebo, aikin wata bakteriyar ce mai irin wannan hali. Saboda haka iƙirarin farko na ledar gaskiya ne ɗari bisa ɗari. Duk irin kefir na madara mai rai yana da kefiran, in ba haka ba ma gudajin ba za su haɗu ba.

Da irin ya ninka har ya fi ƙarfin madarar da nake iya saka masa, sai na nemi izini wurin shugaban ɗakinmu in gwada rarar da DPPH, wani sinadari da ake auna ƙarfin antioksidan da shi.

"Malam, akwai ragowar DPPH ɗin da ɗalibai suka bari, ko zan iya taɓawa?"

Ya ce in taɓa, amma da sharaɗi: in haɗa da bitamin C a gefe don kwatance, kuma kada in tsaya a tacewar farko. Daga baya na gane dalilin sharaɗin na biyu.

Hanyar fitar da kefiran ba ta da wuya. Ana tafasa gudajin a ruwa mai tsabta na kusan rabin awa har sarƙar ta narke, a juya a injin wurwura don dattin ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a zuba masa sinadarin itanol mai sanyi ninki biyu, a bar shi ya kwana a firiji. Da safe sai ka tarar da wani farin abu kamar auduga jiƙaƙƙiya yana shawagi a cikin kwalba. Na naɗe shi a jikin sandar gilashi kamar mai kaɗi, na busar. Wannan shi ne ɗanyen kefiran.

Gwajin DPPH kuwa tsoho ne, Marsden Blois na jami'ar Stanford a Amurka ya fito da shi a 1958, kuma ɗalibai na ƙaunarsa saboda ido ma yana ganin sakamakon. Sinadarin launin shunayya ne mai duhu, domin yana da elektiron guda da ba shi da abokin zama. Idan wani abu ya ba shi abin da ya rasa, sai shunayyar ta dusashe ta koma rawaya-rawaya, a auna dusashewar da na'urar auna haske a kan nanomita 517. Irin wannan maraicin elektiron shi ne halin abubuwan da ake kira firi radikal, waɗanda jikinmu ke samarwa kullum a yayin da yake ƙona abinci da iskar oksijin. Idan suka yi yawa sukan fizgi elektiron daga kitsen bangon ƙwayoyin jiki, ko furotin, ko DNA. Antioksidan shi ne duk abin da zai tare wannan fizga.

Na jera kwalabe uku. Ta bitamin C, ɗan mitsitsin da na ɗiga bai gama gauraya ba shunayyar ta ɓace. Ta ɗanyen kefiran, sai da na zuba mai yawa sosai, na rufe a cikin duhu rabin awa, sannan na ga launin ya sassauta, kuma ko shakka babu ya sassauta. Na yi murna ƙwarai. Sai na bi sharaɗin Malam: na sake narkar da kefiran ɗin, na cire furotin da ke maƙale da shi da wani asid da muke amfani da shi don haka, na sake kwantar da shi da itanol har sau biyu. Kwalba ta uku ke nan. Ita ma ta rage launin, amma ƙasa da ta biyu a fili. Ma'ana, wani kaso na ƙarfin da na gani da farko na gutsattsarin furotin madara ne da suka biyo sarƙar, domin bakteriyar kefir idan suka daddatsa furotin madara sukan bar gutsattsarin da su ma ke tare firi radikal.

Akwai wata matsala kuma da duk wanda ya yi gwajin nan da hannunsa ya sani. DPPH a cikin itanol ko metanol ake narkar da shi, polisakaraid kuwa ba ya shiri da su, shi ya sa ma muke kwantar da shi da itanol. To idan ka haɗa su, ruwan kan yi hazo, hazon ya rikita na'ura. Wanda bai kula ya cire lissafin hazon ba zai rubuta lamba, amma lambar ba ta abin da yake nema ba ce. Gwajina na kwalba uku ba bincike ba ne da za a kafa hujja da shi, gamsar da idona kawai na yi. Amma ya yi daidai da abin da ake gani a ayyukan da aka wallafa: bitamin C da ma'aunin maikurogiram ake gwada shi, waɗannan sarƙoƙin sukari kuwa yawanci da miligiram, kuma miligiram ɗaya maikurogiram 1,000 ne.

Ba na son a fahimce ni kamar ina rage wa kefiran daraja. Inda irin waɗannan sarƙoƙi suka fi burge ni wani wuri ne dabam. Mafi mugunta a cikin firi radikal shi ne haidiroksil, kuma yana fitowa ne idan ƙarfen da ke narke a ruwan jiki ya gamu da wani sinadari mai suna haidurojin feroksaid, haɗuwar da ke ɗauke da sunan Fenton, masanin Ingila da ya bayyana ta a 1894. Sarƙoƙin sukari da yawa, musamman masu ɗauke da ɓangarori masu asid ko salfet ko fosfet, suna iya kama ƙarfen su riƙe shi, ka ga sun hana wutar tashi tun kafin a kai ga kashe ta. Tsawon sarƙar da irin sukarin da ke cikinta da yadda ta yi rassa duk suna canja ƙarfinta, shi ya sa bakteriya biyu 'yan gida ɗaya za su iya ba da sakamako mabambanta. A gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye kuma, an sha ganin cewa ciyar da su wasu daga cikin waɗannan sarƙoƙi yana ɗaga aikin masu gadin jiki na asali, irin su katales da SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969. Wannan ilimi ne mai kyau, kuma ina cikin masu fatan ya yi nisa.

Sai dai kwalbar gwaji ba ta da ciki, ba ta da hanji, ba ta da hanta. Kefiran ƙaton abu ne a duniyar sinadarai, ba ya ratsa bangon hanji ya shiga jini yadda yake, kuma sinadaran narkar da abinci na ɗan Adam ba su iya fasa shi sosai. Mafi yawansa babban hanji yake isa, inda bakteriyar da ke can za su ci abin da za su iya ci, su fitar da ƙananan asid masu amfani ga bangon hanji. Idan yana da alheri ga mai shan kefir, ta wannan hanya ya fi kusa ya zo. Gwajin tsantsar waɗannan sarƙoƙi a jikin mutane kaɗan ne ƙwarai, kuma babu wanda ya nuna suna jinkirta tsufa. Tsakanin shunayyar da ta dusashe a gabana da kalmar "tsufa" da ke bayan leda akwai tafiya mai nisa da ba a yi ba tukuna.

An taɓa yin irin wannan tsallake a baya, kuma ya zo da tsada. Beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, antioksidan ne na gaske a cikin kwalba. A Finlan aka ba maza masu shan taba sama da 29,000 ƙwayoyin gwaji, sakamakon ya fito a 1994: waɗanda suka sha beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Wani gwajin a Amurka mai suna CARET sai dakatar da shi aka yi a 1996 saboda an ga irin wannan illa. A 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sauke jadawalinta na ORAC, wanda ke jera abinci bisa ƙarfin antioksidan a kwalba, saboda 'yan kasuwa sun mayar da lambobin abin talla alhali ba su nuna abin da ke faruwa a jikin mutum. Kefir ba beta-karotin ba ne, abinci ne da mutane suka daɗe suna sha lafiya lau. Na kawo waɗannan ne don a ga cewa kalmar antioksidan ita kaɗai ba takardar shaida ba ce.

Yayata tana shan maganin hawan jini shekara huɗu ke nan, kuma ta gaji da shi, kamar yadda kowa kan gaji. Ta zo ta tarar ina tacewa, ta ɗauki ledar da na ajiye a kan firiji ta karanta, ta juya ta sake karantawa.

"Ke da kike aikin asibitin ƙwayoyi, wannan in na dage da sha ba zai raba ni da ƙwayar nan ba?"

Na ce, "Yaya, wallahi ba zai raba ki ba. Ki sha don daɗinsa, ki sha don cikinki, amma maganinki yana nan inda likita ya ajiye shi."

Ta yi shiru, ta ce to me ya sa suka rubuta. Ban sami amsar da zan ba ta ba wadda ba za ta ɓata mini rai ba. Wannan ne babban ƙorafina da mai sayarwar. Kayansa masu kyau ne, ba ya buƙatar ƙari, amma ya rubuta abin da zai iya sa mai ciwo ta ajiye maganinta. Ƙwayoyin halitta masu amfani irin waɗanda ake nema a kefir su ake kira furobayotik, kuma ma'anar furobayotik da kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma suka tsayar a 2001 ta ce ƙwayoyin halitta ne masu rai waɗanda idan an sha su da isasshen yawa suke amfanar lafiya. Rai, da yawa, da amfanin da aka tabbatar. A ledar nan babu sunan bakteriya ko ɗaya, babu ranar da aka busar da irin, babu ranar lalacewa. An sami wurin rubuta tsufa, ba a sami wurin rubuta waɗannan ba.

Takardar bayanin ma tana da gyara. Ta ce kada ƙarfe ya taɓa irin ko kaɗan, alhali mataci na ƙarfe marar tsatsa ba ya yi masa komai a 'yan mintocin tacewa, da shi nake aiki tun farko. Abin da ya kamata ta hana shi ne alminiyam da tagulla, waɗanda tsami ke ci. Ta ce a bar irin cikin madara awa 24 ba tare da ta ambaci zafi ba, kuma wannan lissafi na ɗaki ne mai awo 20 zuwa 25 a ma'aunin Selshiyos. Lokacin da ɗakina ya ɗumama fiye da haka, cikin awa 12 madarar ta rabu biyu, ruwa a ƙasa, gudaji a sama, tsamin har yana kama haƙori, zaren nan kuma ya ragu sosai. Da na koma rage yawan irin, ina barin kwalbar 'yan awoyi a waje sannan ta ƙarasa a firiji, sai kaurin da yauƙin suka dawo. Ba ta kuma faɗi cewa yistin da ke ciki yana fitar da iska da ɗan burbushin alkohol ba, wanda a na kwana ɗaya yawanci bai kai kashi 1 cikin ɗari ba amma yana ƙaruwa idan aka toshe kwalba aka bar ta ta daɗe. Mai saye yana da haƙƙin sanin wannan kafin ya saya. Haka nan mai garkuwar jiki mai rauni, kamar wanda ke karɓar maganin sankara, ya tambayi likitansa kafin ya sha duk wani abu mai bakteriya masu rai, kuma wanda jikinsa ba ya karɓar furotin madara ya nisance shi. A dafa madarar ko a yi amfani da wadda aka riga aka dafa, kuma duk ranar da aka ga launin ruwan hoda ko baƙi ko gashin fumfuna a sama, a zubar da komai.

A ɓangaren yabo kuwa, ba ni da rowa. Irin yana da rai, yana da ƙarfi, ya jure mako biyu da na yi tafiya na bar shi cikin madara a firiji, bayan zubi biyu ya dawo yadda yake. Abin da yake bayarwa ya fi yogot ruwa-ruwa, yana da santsi a harshe da ɗan tsirtuwar iska, kuma santsin nan aikin kefiran ne da ba ya buƙatar na'ura kafin a yarda da shi. Ni madara zalla takan kumbura mini ciki, wannan kuwa ba ya yi mini haka, abin da ba mamaki tunda bakteriyar sun cinye wani kaso na laktos ɗin, suna kuma tafe da sinadarin da ke fasa sauran. Wanda ke son abin sha mai tsami da zai haɗa da hannunsa kullum, kuma yana da haƙurin kwana goma na farko, ina ba shi shawara ya saya. Wanda zai saya saboda layi na biyu da na uku da ke bayan ledar, ya sake tunani.

Na rubuta wa mai sayarwar saƙo, na yaba irin, na roƙe shi ya cire maganar tsufa ya saka ranar busarwa da bayanin makon farko a madadinta. Yaya kuwa na ɗebar mata cokali biyu na gudajin a ƙaramar kwalba da madara, na nuna mata yadda ake tacewa. Shekaranjiya ta kira ni ta ce nata ma ya fara jan zare, tana shan kofi guda bayan ta haɗiye ƙwayarta ta safe.